Fedaral ko Sayins, ina ya kamata a kai yaro?

Satin da ya wuce ƙanwata ta zo gida da ɗanta ɗan aji shida a firamare, ko zama ba ta gama yi ba ta ce Yaya don Allah ka raba mu da gardamar nan, ni so nake a saya masa fom ɗin kwaman, wato jarrabawar shiga sakandare, ya tafi Fedaral, babansa kuma ya kafe wai a bar shi ya yi ƙaramar sakandare a nan unguwa, in ya gama aji uku sai ya zana jarrabawar Sayins. Na ce to ki zauna tukuna a kawo miki ruwa. Da yake na daɗe ina koyar da lissafi, kuma yarana biyu ɗaya ta nan ya bi ɗaya ta can, kusan duk shekara in lokacin fom ya zo sai an yi min tambayar nan, shi ya sa na ce bari dai in rubuta abin da na gaya mata ko wani zai amfana.

Abin da muke ce wa Fedaral ɗin nan su ne makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya, FGC da FGGC ta mata zalla, yanzu sun haura ɗari a faɗin ƙasa. A 1966 aka buɗe guda uku na farko, Sakkwato da Warri da Okposi, bayan yaƙin basasa kuma aka yi ta ƙara su saboda a haɗa yaran ƙabilu daban daban su tashi wuri ɗaya, ta Kano a 1973 aka buɗe ta. A nan kusa da mu akwai ta mata a Minjibir da Kazaure da Bakori da Zariya, ga kuma Daura da Kiyawa da Azare da ta Malali a Kaduna. Shigarsu daga aji ɗaya ne na ƙaramar sakandare, ta jarrabawar kwaman da NECO ke shiryawa, yaro sai ya kai shekara 10, kuma yanzu sai da lambar NIN ake rajista.

Sayins kuwa, wato makarantun sakandare na kimiyya, tamu ce ta jiha. A 1977 lokacin Kanal Sani Bello gwamnatin Kano ta ga cewa in aka je asibiti ko ma'aikatar ayyuka da ƙyar za ka ga likita ko injiniya ɗan jiha, sai aka buɗe Dawakin Tofa da Dawakin Kudu aka yi musu hukumarsu ta daban, aka ce a tsamo yara masu ƙwaƙwalwa daga ko'ina a zuba su wuri ɗaya a ɗura musu kimiyya. Kuma wallahi abin ya yi aiki, ka shiga asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ka tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, za ka sha jin Dawaki. Daga baya aka samu ta mata a Garko, da Maitama Sule a Gaya, da De Sayins ta jeka-ka-dawo a cikin gari, Jigawa ma da aka yanke ta a 1991 ta tafi da nata kason kamar Taura da Kafin Hausa. Ita wannan ƙofarta a babban aji ɗaya take, wato bayan yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yana ɗan 14 ko 15, sai ya zana jarrabawar hukumar kimiyya da fasaha, wadda ƙashin bayanta lissafi ne da Turanci da kimiyya.

To kin ga tun daga nan ma ba abu ɗaya ake kwatantawa ba, na ce mata, ɗaya yaro za ki miƙa ɗan shekara goma wanda har yanzu ke kike tuna masa ya wanke safa, ɗayar kuma saurayi za ki miƙa wanda ya fara sanin ciwon kansa.

Maganar katof, wato mafi ƙarancin makin da ake ɗaukar yaro da shi, ita ce ta fi rikita iyaye a Fedaral. Yadda ma'aikatar ilimi ke faɗa a 'yan shekarun nan, kashi 60 cikin ɗari na gurbi cancanta ce zalla, wanda ya fi maki shi ke shiga, kashi 30 kuma rabo ne daidai tsakanin jihohi, sauran kashi 10 sun bar shi don wasu buƙatu na musamman. Wannan kashi 30 ɗin shi ne kotar da ake ta surutu a kai. Waɗanda suka bi labari za su tuna 2013 da aka fitar da jerin makin shiga na kowace jiha, aka ga yaron Anambra sai ya ci 139 amma namiji ɗan Yobe maki 2 aka rubuta masa, ƙasa ta ɗauka, har lauya Olisa Agbakoba ya kai maganar kotu. Ni ban ga laifin a ware wa kowace jiha gurbi ba, in ba haka ba makarantar haɗin kai sai ta koma ta jihohi biyar ko shida kawai, kuma yaron da ya tashi a ƙauyen da malami ɗaya ke riƙe da aji uku ba adalci ba ne a ce a tsaya a auna shi da mudu ɗaya da wanda tun nazire ake masa lesin. Amma akwai abin da ba a gaya wa iyaye, shi ne kota a bakin get take tsayawa. Ranar da aka shiga aji, malamin lissafi allo ɗaya zai rubuta wa kowa, takardar jarrabawa iri ɗaya za a raba, wanda ya shigo da 180 da wanda ya shigo da 70 benci ɗaya suke. Na ga yaran da suka shiga ta wannan hanya suka dage suka kamo har suka wuce, na kuma ga waɗanda zango biyu kacal suka yi zuciyarsu ta mutu, suka koma bayan aji suka yi shiru, don yaro ɗan shekara goma in kullum shi ne na ƙarshe sai ya yarda cewa shi daƙiƙi ne alhali kuwa tushe ne kawai bai samu ba. Don haka in ɗanka ya samu gurbi da maki kaɗan ka yi murna, amma hutun nan kafin a tafi kar ka bar shi ya tafi a banza, a zaunar da shi a kan karatun Turanci da jadawalin sau da rabawa.

A Sayins gasar tsakanin 'yan gida ce, yaran jiha ɗaya, yawanci daga makarantun gwamnati da ƙananan firabet, ba a haɗa ka da ɗan Legas ba. Kar wannan ya sa ka ɗauka da sauƙi fa, masu nema suna da yawa gurbi kuma kaɗan ne, sannan abin da ake tambaya karatun shekara uku ne cur, wanda bai iya lissafin x da y ba babu dabarar da za ta fitar da shi. Abin da nake so da wannan tsarin shi ne yana ba wa yaro lokaci. Akwai yaran da kansu ba ya buɗewa da wuri, a firamare sai ka ga kamar ba za su yi ba, suna shiga aji biyu na sakandare sai ka ga sun farka, irin waɗannan kwaman tana yanke musu hukunci tun ba su nuna ba. Haɗarinsa kuma shi ne shekara ukun nan da za a jira, a ina yaron zai yi su? In makarantar unguwa ce mai yara ɗari da wani abu a aji, babu malamin kimiyya tsayayye, kuma a gida ba mai duba littafinsa, to kar a yaudari kai, jiran Sayins ɗin zai iya zama jiran gawon shanu.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi so iyaye su gane, wato yadda ake ba da maki, don a nan ne ake cutar mu ba mu sani ba. Ƙanwata ta zaro rifot kad ɗin yaron daga jaka tana murmushi, na ɗaya a aji, lissafi 94, Turanci 91, malamar aji ta rubuta yabo har ya cika layi. Na ce masha Allah, sai na ɗauko tsohuwar takardar kwaman na ba shi fensir na ajiye waya a gabansa na ce ga minti talatin, yi min tambaya ashirin ɗin nan. Na zauna ina kallonsa, tambaya ta huɗu irin ta kwantitetib ɗin nan ce mai akwatuna da ake so ka gano dokar da ta haɗa lambobin, ya tsaya a kanta ya fi minti shida yana cizon gindin fensir, bai san ana tsallakewa a dawo ba, da lokaci ya cika tara ya taɓa, shida ya ci. Uwar ta yi shiru. Na ce mata kar ranki ya ɓaci, yaron nan yana da kai, shidan da ya ci da hujja ya ci su ba canka ba, abin da ya faru shi ne makarantarsu abin da aka rubuta musu a allo ranar Litinin shi ake tambayarsu ranar Alhamis, kuma mai makaranta ya san in rizal ya yi ja iyaye za su cire 'ya'yansu.

Ga yadda lissafin yake. Makarantu suna raba makin zango biyu, akwai na tes da asamen da aikin aji wanda ake ce wa CA, akwai na jarrabawar ƙarshen zango, wasu 30 da 70 suke yi wasu 40 da 60. To ɗauki yaron da aka ba shi 36 cikin 40 a CA saboda yana kawo asamen a kan lokaci, ko da kuwa yayarsa ce ke yi masa, sai ya shiga jarrabawa ya ci 20 cikin 60. In aka haɗa 56 ke nan, a takarda ya ci kiredit, uba ya gani ya ce Alhamdulillahi. Amma 20 cikin 60 ɗin nan kashi 33 ne cikin ɗari, wato ranar da aka zaunar da shi shi kaɗai ba mai taimako faɗuwa ya yi warwas. Shi ya sa kullum nake cewa in an kawo maka rizal kar idonka ya tafi kan jimla ko kan na nawa ya zo, ka duba layin jarrabawa shi kaɗai, nan gaskiyar take. Na ɗaya a cikin yara goma sha biyu da na ashirin a cikin zaɓaɓɓu hamsin, sau da yawa na ashirin ɗin ya fi.

A babbar sakandare duka Fedaral da Sayins ma'aunin WAEC da NECO suke bi a rifot kad, A1 daga 75 zuwa sama, B2 daga 70, B3 daga 65, sai C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50, a nan kiredit ya ƙare. D7 da E8 fas ne kawai wanda jami'a ba ta kallo, ƙasa da 40 kuma F9. A takarda ma'auni ɗaya ne amma hannun malamai ba ɗaya ba ne. Babban ɗana da ya shiga Sayins, zangon farko da na je ɗauko shi ya shigo mota bai ce min komai ba, sai da muka hau titi ya miƙo min takardar a ninke huɗu, na buɗe na ga Fizis 52, na 17 a aji, yaron da tun yana firamare bai taɓa wuce na uku ba. Idonsa ya kawo ruwa ya ce Baba ni fa na yi karatu. Na ce na sani, kawo takardar amsarka in gani, da muka isa gida na duba sai na ga malamin ko rabin maki bai bar masa ba a inda ya samo amsa daidai amma bai rubuta awon ba, ya sa 20 bai sa mita ba, an ja masa jan biro. Wallahi daɗi na ji a raina, don na san haka masu makin WAEC suke yi, kuma tun daga ranar bai sake mantawa ba. Irin wannan matsi shi ne amfanin makarantar zaɓaɓɓu, 52 ɗin can ta fi min 90 ɗin da ake rabawa kamar alewa.

Akwai kuma kwalifayin, wanda duk ɗan makarantar gwamnatin Kano ya san shi. A babban aji biyu ake zana shi, wanda ya cika sharaɗi gwamnati ta biya masa kuɗin NECO, wanda bai cika ba iyayensa su nemo. Yawan kiredit ɗin da ake nema yana canzawa daga gwamnati zuwa gwamnati, amma Turanci da lissafi su ne kullum ake kafa wa ido. Ga talaka wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yana sa yara su farka tun shekara guda kafin babbar jarrabawa. A Fedaral babu wannan, kuɗin WAEC da NECO daga aljihunka zai fito, abin da suke da shi shi ne jarrabawar BECE ta NECO a ƙarshen aji uku, daga nan a duba makin yaro a raba su, wasu ajin kimiyya wasu At wasu Kamashiyal.

Wannan rabon ma wani babban bambanci ne da mutane ba sa lura. A Fedaral yaro yana da hanya uku a gabansa, in aka ga lissafi ba nasa ba ne amma bakinsa da alƙalaminsa suna da kaifi sai ya tafi At ya yi Litirecha da Gwamnati ya nemi aikin lauya. A Sayins hanya ɗaya ce, Fizis, Kemistiri, Bayoloji, lissafi, in ka shiga ka shiga. Na san yarinyar da aka tura Sayins don babanta yana son a ce 'yarsa likita ce, ita kuwa ranta na kan shari'a, shekara uku ta yi tana fama, ta fito ba ta samu likitancin ba kuma ba ta da Litirecha da za ta nemi lauyan, sai da ta sake zama wata jarrabawar daga waje. Abin ya dame ni sosai don yarinya ce mai hazaƙa. In za ka kai yaro Sayins ka tabbata shi ma yana so, ka ga yana jin daɗin lissafi ko yana yawan kwance rediyo da fitila yana tambayar me ya sa, ba wai kai ne kake so ba.

Ta ɓangaren Turanci kuwa gaskiya Fedaral ta fi, kuma dalilin a fili yake, yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da Ibo da ɗan Tibi dole ya yi Turanci ko ya ƙi, ko da buroka ce zai fara da ita, ƙaramin nawa shekara ɗaya ya yi ya dawo bakinsa ya buɗe, kuma yau yana da abokai a Inugu da Ilori. A Sayins daga aji sai Hausa, hostal Hausa, wajen cin abinci Hausa, shi ya sa za ka ga yaro ya kwashe A da B a Kemistiri da lissafi amma Turanci ya tsaya masa a D7, kuma jami'a in likitanci kake nema kiredit biyar take so har da Turancin, JAMB ma cikin darussa huɗun da ake zanawa a kan maki 400 Turanci dole ne. Duk wanda ɗansa ke Sayins ya saya masa littattafan labari na Turanci ya riƙa sa shi rubuta insha'i a lokacin hutu, wannan gyara ne mai arha.

Kuɗi kuma, a Fedaral ana cewa karatu kyauta ne amma akwai kuɗin kwana da abinci da yunifom da littattafai, a 2023 aka mayar da na sababbin ɗalibai naira dubu 100, ban da kuɗin PTA da furobishin da kuɗin mota ranar bizitin, kuma shekara shida za ka yi kana wannan. Sayins gwamnatin jiha ke ciyarwa, abin da za ka kashe bai kai rabin wancan ba kuma shekara uku ce, sai dai kar ka tura yaro hannu rabbana, garin kwaki da ƙuli da sukari da ɗan kuɗin kashewa dole ne.

Sai maganar da ba na son yi amma dole, tsaro. Buni Yadi a 2014 Fedaral ce, Birnin Yawuri a 2021 Fedaral ce, Ƙanƙara a ƙarshen 2020 kuma makarantar kimiyya ce ta jihar Katsina, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu Ya kiyaye na gaba. Wato sunan makaranta ba ya kare kowa, wurin da take shi ne abin dubawa. Kafin ka cike zaɓi a fom ka taka da ƙafarka ka je, ka ga katanga, ka ga nisanta da gari, ka tambayi mai shayin bakin get yadda dare yake a wurin, ka leƙa rijiyar burtsatse da banɗaki, in an bar ka ka shiga lab ka ga ko akwai kayan firatikal ko kuwa kwalabe ne kawai a jere. Ka kuma tambayi mataimakin firinsifal mai kula da karatu abu biyu, nawa ne makin da ake buƙata a wuce aji, kuma bara yara nawa suka yi rifitin. Makarantar da ta ce maka ba wanda ya taɓa maimaita aji a wurinta, ni dai ba na sakin jiki da ita.

Ga wanda ɗansa ya yi fice sosai akwai makarantar masu baiwa ta tarayya a Suleja, ita ma NECO ke yin jarrabawarta daban, 'yan Jigawa kuma suna da ta Bamaina, ba laifi a gwada.

Abin da na ce wa ƙanwata a ƙarshe shi ne, in da yaron nan ya kai sha ɗaya ko sha biyu, yana iya wanke kayansa ya kula da kuɗinsa, kuma kuna da halin ɗaukar nauyin shekara shida ba tare da an shiga bashi ba, da Fedaral zan ce, musamman da yake har yanzu ba mu san inda ya karkata ba. Amma shekararsa goma da wata biyu, har yanzu in dare ya yi sai ya leƙo ɗakinki, albashin babansa kuma kin fi ni sanin yadda yake kaiwa ƙarshen wata, sannan shidan nan da ya ci duk na lissafi ne. Don haka ni ina bayan babansa a wannan karon, da sharaɗi ɗaya, a cire shi daga inda ake ba shi 94 a kai shi inda za a ba shi abin da ya ci, kuma duk Asabar bayan la'asar ki turo min shi da littafinsa. Ta ce to Yaya kwaman ɗin fa, a fasa? Na ce a'a a saya masa fom ɗin ya zana, ko ba zai tafi ba ya ɗanɗana zaman ɗakin jarrabawa da cike takardar amsa da fensir, makin da ya samo kuma shi zai nuna mana daga inda za mu fara. Ta ninke tsohuwar takardar tambayoyin ta sa a jaka tare da rifot kad ɗin, ta ce bari ta je ta gaya wa babansa tun bai fita masallaci ba.